Juyi Iri-Iri Ne: Kalmomin “Reverse” da “Invert” na Ingilishi da Nauyin da Suke Ɗora wa Mai Fassara

Gabatarwa

Akwai wata ƙa'ida da akan koya wa masu koyon Ingilishi idan aka zo bambanta kalmomin “reverse” da “invert”. Akan ce ta farko tana nufin juyin gaba da baya ko na dama da hagu, ta biyun kuwa juyin sama da ƙasa. Ƙa'ida ce mai sauƙin riƙewa, kuma tutocin ƙasashe suna mara mata baya. Tutar Gini ja ce da rawaya da kore idan aka faro daga hagu. Da an faro jerin launukan daga dama, sai a sami tutar Mali. Wannan shi ne “reverse”. Tutar Indonesiya ja ce a sama, fara a ƙasa. Da an mayar da samanta ƙasa, sai launukanta su yi daidai da na tutar Poland. Wannan kuma shi ne “invert”.

Ra'ayin da nake son in kare a wannan maƙala shi ne, wannan ƙa'ida rabin gaskiya ce. Tana aiki a kan tuta da mota da kofin shayi, amma tana rushewa da zarar an shiga ajin lissafi, ko ɗakin haihuwa, ko zauren kotu. Ma'anar waɗannan kalmomi da danginsu, wato “inverse” da “converse” da “obverse” da sauransu, kowane fannin ilimi ne ya yanka wa kansa yadda ta dace da buƙatarsa. Saboda haka mai fassara ko mai ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin Hausa da ya tashi neman kalma guda da zai ɗaura wa “invert” a duk inda ya gamu da ita ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Abin da ya kamata ya fassara shi ne aikin da aka yi wa abin da ake magana a kansa, kuma Hausa tana da wadatar aikatau da za su ɗauki wannan nauyi.

Saiwa ɗaya, rassa da yawa

Kusan duk kalmomin da muke magana a kansu daga aikatau ɗaya na harshen Latin suka tsiro, wato “vertere”, wanda ma'anarsa juyawa. Wasu, kamar “reverse”, sun shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarnukan da suka biyo bayan cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066. Wasu kuma, kamar “invert” da “obverse”, malaman ƙarni na 16 da na 17 ne suka ciro su kai tsaye daga littattafan Latin. Ɗafa-goshi ne ya bambanta su a asali: “re-” yana nuna komawa, “in-” yana nuna ciki ko bisa, “con-” yana nuna tarayya, “ob-” kuma yana nuna fuskantar abu.

Wanda ya ga wannan tsari zai iya zaton ya sami mabuɗin ma'anar kowace kalma. Sai dai asalin kalma ba ya yanke hukunci a kan ma'anarta ta yau. Babu wani abu a cikin ɗafin “in-” da ke cewa sama ta koma ƙasa. Daga wannan saiwa ce aka sami “verse”, wato layin waƙa, wanda asalinsa juyin da mai huɗa yake yi da garma idan ya kai ƙarshen kunya. Daga ita ce aka sami “anniversary”, abin da Bahaushe zai kira zagayowar shekara. Kalmar “converse” ma kalmomi biyu ne masu rubutu ɗaya: ɗaya tana nufin yin hira, ɗaya kuma keɓaɓɓiyar kalma ce ta ilimin manɗiƙi, kuma inda ake ɗora nauyin murya wajen furuci ne yake raba su.

Akwai kuma wani abin lura da ba a cika ambata ba. Ingilishi yana da rukuni na biyu na kalmomin juyi, waɗanda talakawan masu harshen suka gina da kayan gida: “upside down”, da “inside out”, da “back to front”, da “backwards”. Ta farkon ta samo asali ne daga “up so doun” na Ingilishin tsakiyar zamani, kafin masu magana su gyara mata siffa a wajen ƙarni na 16 don ta yi daidai da abin da suke gani. Waɗannan su ne kalmomin da suke faɗin fuskar juyin ɓaro-ɓaro, ko sama ce ta koma ƙasa, ko ciki ne ya fito waje, ko gaba ce ta koma baya. Kalmomin Latin kuwa ba su fayyace fuska ba, kuma wannan rashin fayyacewar ne ya ba kowane fanni damar aron su ya cika su da ma'anar da yake so. A nan ne tushen matsalar fassara yake. Aikatau na Hausa irin su kifa da tuntsura takwarorin rukuni na biyu ne, amma akan tilasta musu su zama takwarorin rukuni na farko.

Inda ƙa'idar ta gaza

Littafin fiziks na makarantar sakandare ya isa misali na farko. Idan aka zo bayanin hoton da idon kyamara yake jefawa a bayansa, akan ce hoton “inverted” ne, wato kai ƙasa ƙafa sama. Wannan ya bi ƙa'ida. Amma a littafin nan dai, idan aka zo bayanin yadda madubi yake nuna hannun dama kamar na hagu, sai a kira abin “lateral inversion”. Juyin dama da hagu ke nan, wanda ƙa'idar ta ce gonar “reverse” ce.

A ilimin sinadarai akwai abin da ake kira “invert sugar”, wato sukarin rake da aka raba shi zuwa sinadarai biyu da suka gina shi. Ba a kifa komai ba a nan. Sunan ya zo ne daga gwajin haske: ruwan sukarin rake yana murɗa hasken da aka tace zuwa dama, bayan an raba shi kuwa sai ya murɗa shi zuwa hagu. A ilimin ƙwayoyin gado, idan wani yanki na kuromosom ya tsinke ya sake mannewa a gurbinsa amma farkonsa ya koma ƙarshe, sunan wannan “inversion”, alhali jeri ne aka karanto daga baya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, umarnin “reverse arms” da ake bai wa sojoji a faretin jana'iza yana nufin su mayar da bakin bindiga ƙasa, wato ainihin juyin da ƙa'idar ta keɓe wa “invert”.

Na'urar da ta shiga gidajenmu tare da wutar sola, wadda muke kira inbata, ita ma tana da nata labarin. Aikinta shi ne mayar da wutar da ke gudana ta fuska ɗaya, irin ta batir, zuwa wutar da ke kai da komowa, irin ta layin lantarki. Ta sami sunan ne saboda tun farko akwai injin da ke yin aikin daga ɗaya ɓangaren, sai aka gano ana iya sarrafa shi ya yi aikin ta baya, aka kira shi “inverted converter”. Sunan tarihin na'urar yake bayarwa, ba ya bayanin wani abu da ake kifawa a cikinta.

Kalmar “reverse” ma ba kullum take nufin wani aiki ba. A wajen masana kuɗi, “obverse” ita ce fuskar tsaba ko takardar kuɗi, “reverse” kuma bayanta. A takardar naira 20, hoton Janar Murtala Muhammed ne a fuska, hoton Ladi Kwali mai ginin tukwane kuma a baya. Gaba da baya kawai mai fassara yake buƙata a nan, babu wurin aikatau na juyi ko ɗaya.

Fannonin da kuskure yake da tsada

Wani zai ce duk wannan wasan kalmomi ne. Akwai fannoni huɗu da suke nuna cewa abin ya wuce haka.

Na farko shi ne manɗiƙi da lissafi. Mu ɗauki jimlar sharaɗi mai cewa: idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2. Ingilishi yana da sunaye uku ga jimloli uku da ake ciro wa daga cikinta. Idan aka musanya sharaɗi da sakamako aka ce, idan lamba tana rabuwa da 2 to tana rabuwa da 4, sunanta “converse”. Idan aka bar kowanne a gurbinsa aka kore su duka aka ce, idan ba ta rabuwa da 4 to ba ta rabuwa da 2, sunanta “inverse”. Idan aka musanya kuma aka kore aka ce, idan ba ta rabuwa da 2 to ba ta rabuwa da 4, sunanta “contrapositive”. Lamba 6 ta isa ta ƙaryata biyun farko, domin tana rabuwa da 2 amma ba ta rabuwa da 4. Ta ukun ce kaɗai take gaskiya a duk lokacin da jimlar asali take gaskiya. Ɗalibin da aka fassara wa duka ukun da akasin jimla an hana shi ganin bambancin da darasin gaba ɗaya ya tsayu a kansa.

Kalmar akasi ita kanta tana buƙatar a tsaya a kanta. Daga Larabci muka aro ta, kuma a wajen malaman manɗiƙi tana da keɓaɓɓiyar ma'ana. Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙarni na 16 wanda littafinsa na fiƙihu ya shahara a zaurukanmu da sunan Ahalari, ya ware fasali guda ga akasi a littafinsa na manɗiƙi mai suna Sullam. Abin da ake nufi da shi a can shi ne musanya ɓangarori biyu na jimla da sharaɗin gaskiyarta ta ci gaba da tsayawa, kamar a ce duk akuya dabba ce, sannan a ce wata dabba akuya ce. A bakin jama'a kuwa akasi ta koma kishiyar abu, har ma da tangarɗa, kamar yadda ake cewa an sami akasi a tafiya. Kalmar da take nufin musaya a zaure, kishiya a kasuwa, tangarɗa a tasha, ba za a ɗora mata nauyin keɓaɓɓiyar kalma ba sai an fayyace wace ma'anar ake nufi.

A sauran rassan lissafi, “inverse” ta ɗauki wata ma'anar dabam. Idan ana maganar tarawa, “inverse” na 5 shi ne −5, domin haɗa su yana mayar da mutum sifili. Idan ana maganar ninkawa, shi ne 1/5, domin ninka su yana mayar da mutum 1. Lamba 123 idan aka yi mata “reverse” ta koma 321, amma “inverse” nata wajen ninkawa 1/123 ne. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne aikin da ke rushe abin da wani aiki ya gina, kuma Hausa tana da sunan wannan tun da daɗewa a cikin tufka da warwara. Sai kuma “inverse proportion”, inda ƙaruwar wani abu take jawo raguwar wani: aikin da leburori 4 za su gama a kwana 6, leburori 8 za su gama shi a kwana 3. Dokar Newton ta 1687 a kan ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna irin wannan ce, domin idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin yakan koma rubu'i. Wannan ba warwara ba ce, hawa da sauka ne irin na sikeli. Fanni ɗaya, kalmar Ingilishi ɗaya, amma Hausa tana buƙatar kalmomi biyu.

Fanni na biyu shi ne likitanci, kuma a nan rai ake magana. Ingilishin asibiti yana da kalmomi uku daga saiwar “vertere” da duk suka shafi mahaifa. “Retroversion” shi ne mahaifa ta karkata zuwa baya maimakon gaba. Halitta ce da mata da yawa suke da ita, kuma galibi ba ta buƙatar magani. “Version” shi ne likita ya juya jaririn da ke ciki don kansa ya dubi ƙasa kafin haihuwa. “Inversion” kuwa shi ne mahaifar ta zazzago bayan haihuwa, cikinta ya fito waje kamar rigar da aka tuɓe a baibai, lamarin gaggawa da zai iya kashe mace ta hanyar zubar jini. Idan takardar wayar da kai ko littafin horar da unguwarzoma ya kira duka ukun juyawar mahaifa, to ko dai a firgita mai lafiya, ko kuma a yi sakaci da wadda take bakin mutuwa.

Fanni na uku shi ne shari'a. Idan babbar kotu ta yi “reverse” na hukuncin ƙaramar kotu, ta soke shi ne. Wani lokaci takan maye gurbinsa da nata hukuncin, wani lokaci kuma takan mayar da shari'ar a sake sauraro. Fassarar da ta ce an juya hukunci tana sa mai sauraro ya ɗauka reshe ya juye da mujiya, wanda ya yi nasara jiya shi ne ya sha kaye yau, alhali mai yiwuwa ne shari'ar ta koma farko kawai. Masu fassarar labarai da suka zaɓi soke ko jingine sun fi kusa da abin da ya faru a kotun.

Fanni na huɗu shi ne namu, wato nazarin harshe. A nahawun Ingilishi “inversion” yana nufin aikau da mataimakin aikatau su musanya gurbi, kamar yadda “She can read” take komawa “Can she read?” wajen tambaya. Hausa ba ta gina tambaya ta wannan hanya; karin murya take amfani da shi, ko kalmomi irin su shin da ko. Abin da muke da shi shi ne jawo wani yanki zuwa farkon jimla don a ƙarfafa shi, kamar yadda “Sun sayi doki” take komawa “Doki suka saya”. A nan karɓau ne ya yi ƙaura, “sun” ta koma “suka”, “sayi” ta koma “saya”, amma mai aikin yana nan gaban aikatau bai motsa ba. Manazarcin da ya kira wannan juyi saboda ya ga “inversion” a littafin nahawun Ingilishi ya shigo da wata ɗabi'ar da Hausa ba ta da ita, ya kuma rufe ido daga wadda take da ita.

Abin da Hausa take da shi

Idan aka jera aikatau na juyi a Hausa, za a ga kowanne yana ɗauke da bayanin da kalmomin Latin ba su da shi. Ana kifa ƙwarya ko tukunya, wato abu mai baki a mayar da bakinsa ƙasa, kuma kwalekwale yakan kife. Ana sa riga a baibai, kamar yadda ake fahimtar magana a baibai. Ana juya waina a tanda don ɗaya gefen ya soyu. Ana tuntsura turmi, a karkata tulu, a birkita kaya, a jirkita magana, a warware igiya, a mayar da abu inda aka ɗauko shi. Mutum yakan kwanta rigingine ko rub da ciki, yakan kuma ja da baya. Shi kansa aikatau juya yana rarrabuwa bisa ga ajinsa: juyo yana nuna juyin ya fuskanto mai magana, juye yana nuna an zazzage abin da ke ciki ko juyin ya kammala, juyar da yana nuna an kawar da abu daga inda ya dosa, jujjuya kuma yana nuna maimaici.

Wannan wadata ita ce dalilin da ya sa ko kifa ma ba za ta zama madadin “invert” na dindindin ba, ko da a inda ake maganar sama da ƙasa. Kifa tana son abu mai baki ko mai fuska. Masana yanayi suna cewa “temperature inversion” idan iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi ta danne ta, saɓanin yadda aka saba. Wannan ne ya tsare hayaƙin kwal a kan birnin Landan na kwanaki a watan Disamba na 1952 har dubban mutane suka mutu, kuma shi ne yake sa hayaƙi ya kwanta a kan gari da sassafe a lokacin hunturu. A ce zafi ya kife ba zai gaya wa mai karatu komai ba. A ce ɗumi ya danne sanyi ya gaya masa abin da ke faruwa.

Muna da misalin keɓaɓɓiyar kalma da aka gina bisa wannan tafarki a nazarin tsarin sauti. Abin da ke faruwa tsakanin bagaruwa da gabaruwa, ko hawainiya da wahainiya, an sa masa suna musayar gurbi. Waɗanda suka zaɓi wannan suna ba su bi saiwar kalmar Turawa ba. Sun dubi abin da sautukan suka yi, suka faɗe shi, kuma ɗalibi yakan fahimci rabin darasin daga jin sunan.

Hujjar masu son kalma ɗaya

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Ɗalibanmu da Ingilishi suke rubuta jarrabawar kimiyya da lissafi, kuma da shi za su karanta manyan littattafan fannoninsu. Idan “inverse” tana da fassara huɗu, ta yaya ɗalibi zai gane cewa kalma ɗaya ce idan ya gamu da ita a takardar jarrabawa? Bugu da ƙari, daidaito shi ne ginshiƙin aikin keɓaɓɓun kalmomi. Idan kowane marubuci ya zaɓi aikatau da ya yi masa daɗi, an koma gidan jiya. Wasu kan ƙara da cewa gara a ari kalmar kawai, kamar yadda direbobi suka ari ribas ba tare da sun jira wani kwamiti ba.

Amsata ita ce, daidaiton da ake buƙata na cikin fanni ne. Dole malaman lissafi su yi ittifaƙi a kan kalma ɗaya ga kowane aiki, haka ma malaman kiwon lafiya. Amma babu dalilin da zai sa kalmar ɗakin haihuwa ta zama ita ce ta ajin lissafi don kawai Ingilishi ya ga dama ya yi amfani da saiwa ɗaya a wuraren biyu. Shi kansa ɗalibin Ingila da ya san “inversion” na nahawu bai san na yanayi ba sai an koya masa sabo. Kamannin kalmar ba ya rage masa aiki, wani lokaci ma ruɗa shi yake yi. Batun jarrabawa kuwa ana magance shi ta hanyar ajiye kalmar Ingilishi kusa da ta Hausa a jerin keɓaɓɓun kalmomi na kowane littafi.

Game da aro, ina ganin ya dace a inda kalmar sunan wani abu ce da ake gani a taɓa. Ribas da inbata sun zauna daram, kuma babu abin da za a ƙaru da shi idan aka kore su. Amma a inda kalmar sunan wani aiki ne na tunani, aro yana ɓoye abin da ya kamata a bayyana. Idan aka ce da ɗalibi jimlar musaya, da jimlar korewa, da jimlar musaya da korewa, ya riga ya san yadda zai gina kowace daga jin sunanta. Wannan fa'ida ce da ɗalibin da ke haddace “converse” da “inverse” da “contrapositive” ba shi da ita, kuma ba hikima ba ne mu yar da ita don neman kama da Ingilishi.

Kammalawa

Ƙamusun harshe biyu na gaba ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan aiki ba, domin tsarinsa na jera kalma ne a gaban kalma. Manhajojin fassara na intanet ma sukan karkata ga kalmar da ta fi yawan fitowa, kuma a wannan fage juya ce. Aikin na masu tsara keɓaɓɓun kalmomi ne fanni-fanni, irin wanda aka fara wa nazarin harshe da adabi a littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suna nan a matsayin rumbun da za a ɗebo aikatau daga ciki, sannan a gwada su a bakin masu sana'a da malaman kowane fanni.

Shawarata ga duk wanda zai shigar da ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a irin wannan jeri ita ce, ya amsa tambayoyi uku kafin ya rubuta komai. Mene ne aka juya: abu ne mai jiki, ko jeri, ko dangantaka, ko hukunci? Ta wace fuska aka juya shi, idan ma akwai fuska? Me ya rage bai canza ba bayan juyin? Sannan kowace shigarwa ta zo da sunan fanninta da jimlar misali guda. Jerin zai fi tsawo, aikin kuma zai buƙaci masanin Hausa ya zauna da likita da lauya da malamin lissafi. Wannan zama shi ne abin da sassan Hausa na jami'o'inmu suke da ikon kira, kuma kalmomin juyi wuri ne mai kyau da za a fara, domin kuskuren da ake yi a kansu yana da sauƙin nunawa da sauƙin gyarawa.